Wushiryar Auta

Haƙorana biyu na gaba, na sama, sifana ce ta cire su. Ina kwance a ƙarƙashin wata tsohuwar motar ɗaukar kaya ina jan wani noti da ya yi tsatsa, sifanar ta kufce ta dawo mini a baki. Na jawo jiki na fito, na tofar da jini, sai ga haƙori ɗaya a ƙasa cikin baƙin mai. Ɗayan har yau ban san inda ya nufa ba. Mai Faci, wanda rumfarsa ke jikin garejina, shekara ashirin muna zagin juna, ya zo ya leƙa bakina ya ce, "Kai, Bakanike, an buɗe maka ƙofar gareji ta biyu."

Ban damu ba. Mai shekara hamsin da biyu ba gasar kyau zai shiga ba, kuma da hannu nake aiki ba da baki ba. Abin da bai zo mini a rai ba shi ne Inna.

Inna ita ta haife ni, ni ne autanta, a gidana take zaune. Idonta ya rufe shekara shida da suka wuce, bayan ido kuma sai tunani ya fara zuba. Ta manta sunayen jikokinta. Matata da ke yi mata wanka kullum ta koma "yarinyar nan". Mutum ɗaya ne bai ɓace mata ba, ni, kuma ba da murya take gane ni ba. Tun ina ƙarami ina da wushirya, ta nan nake yin wani fito mai kaifi, gajere biyu, dogo ɗaya, na ƙarshen ya lanƙwasa sama. Ba na shiga gida sai na yi shi a bakin ƙofa. Ita kuma shekara arba'in da wani abu amsarta ɗaya ce, daga duk inda take: "Auta! Ka daina mini fito a gida, ni ba karenka ba ce!" Haka muke gaisawa. In ta yi wannan faɗan sai in shiga in zauna, ta ci abinci daga hannuna, ta sha maganinta.

Ranar da haƙoran suka fita na tsaya a bakin ƙofa na hura. Iska kawai, kamar tayar da ta yi faci. Na shiga ɗakinta na ce, "Inna, sannu da gida."

Ta ja mayafinta ta rufe kai. "Wane ne?"

"Ni ne, Auta."

"Auta ba ya magana kamar mai tauna tsumma. Bawan Allah, ka jira a waje, mai gidan bai dawo ba."

Na ce kumburi ne, in ya sauka za ta gane ni. Kumburi ya sauka, ba ta gane ni ba. Kullum da yamma sai ta sa a zaunar da ita kusa da taga, ta karkata kunne wajen ƙofar gida. Ina zaune a gabanta, gwiwata na taɓa tata, tana jiran in dawo.

Na je wani shago aka yi mini haƙoran roba masu cirewa. A manne suke da juna, ba wushirya. Na tsaya a tsakar gida na tara iska na hura da ƙarfi, sai suka tashi sama suka faɗa cikin bahon wankin matata. Ta tsamo su da kumfa a jiki, ta miƙo mini tana danne dariya har kafaɗarta na rawa. Ta ce, "Baban yara, a shanya su ko za ka sa haka?"

Daga nan na ɗauko Mai Faci. Sati guda ina kwatanta masa fiton da baki, yana yi ina gyarawa. Na kai shi ƙofar gida ya yi iya yinsa. Muka yi shiru muna sauraro. Can sai muka ji Inna ta ce, "Yarinyar nan, duba mini, wane tsuntsu ne ba shi da lafiya?"

Wata takwas muna haka.

Akwai wata mata da ke kawo mini ƙaramar farar mota. Likitar haƙori ce, Likita kawai nake ce mata. Ba ta da tsawo, ba ta da wasa, kuma ita kaɗai ce a cikin masu kawo mini mota da ke tsayawa ta ga abin da na cire da abin da na sa. Wata rana ina yi mata faɗa kan ba ta canza mai a kan lokaci, haƙoran robar nan suka zame, na tare su da harshe. Ta ce, "Buɗe in gani."

"Mota kika kawo, ba ni aka kawo miki ba."

"Buɗe."

Na buɗe. Ta duba, ta ce akwai abin da ake kira dashen haƙori. Wani ɗan ƙarfe ne mai zare, za a murɗa shi cikin ƙashin da haƙorin ya fita, a sa masa ɗan murfi, a bar shi wata uku ƙashi ya girma ya kama shi. In ya kama sai a ɗaura haƙori a kansa. Ba cirewa, ba zamewa.

Na ce, "Wato noti."

"Wato noti. Sai dai wannan ƙashi ne ke ɗaure shi, ba hannu ba."

"In na hura iska da ƙarfi zai tashi?"

Ta dube ni kamar zan ƙara bayani. Ban ƙara ba. Ta ce, "Ba zai tashi ba."

Aka ɗauki hoton ƙashin, aka ce yana da kauri, aka sa rana. Ɗakin aikinta gareji ne, sai dai ya fi nawa tsabta. Kujera mai hawa da sauka kamar jak ɗin ɗaga mota, fitila mai hannu, faranti cike da ƙananan ƙarafa a jere, kowanne da wurinsa. Ta yi mini allura, leɓena ya zama kamar na wani. Na ji tana huda wuri biyu, hagu da dama, ba zafi, sai girgiza a cikin kai. Da ta zo ɗaurewa ta ɗauko wata 'yar sifana da ba ta fi yatsana ba, ta murɗa, abin ya ce ƙas, ta tsaya.

A nan sai na faɗi halina. Duk notin da na ɗaure a rayuwata, in ya tsaya, sai na ƙara masa kwatan juyi. Wanda ya koya mini aiki haka yake yi, ni ma haka nake yi, kuma ba a taɓa dawo mini da mota an ce taya ta fita ba. Masu motoci sun san ni da shi. Saboda haka da ta cire auduga daga bakina abin da na fara cewa shi ne, "Ba ki ƙara kwata ba."

"Ba a ƙarawa."

"Ana ƙarawa."

"A garejinka. Ka ji ni da kyau, Bakanike. Abinci mai laushi. Ba cizo da gaba. Ba taɓawa da yatsa, ba wasa da harshe. In ka ji wani abu ya canza, ga lambata, ka kira ni ko ina nake."

Sati uku na bi doka. Shayi, ayaba, ƙwai, dankalin da aka dama. Mai Faci ya riƙa zuwa gabana da gasasshiyar masara yana ci a hankali, yana tambayata ko in ya tauna mini zan karɓa.

A sati na uku murfin na hagu ya kwance. Kaɗan ne, amma harshena ya ji, kuma daga nan bai bar wurin ba. Ina aiki ina jin sa yana lilo. Ranar hutu ce, asibitin a rufe. Na ciro waya na duba lambarta na mayar aljihu. Ni, da na yi shekara talatin ina ɗaure noti, in kira mutum ranar hutunsa in ce noti ya kwance? Na duba a madubin wata mota, na ga murfin yana da ɗan rami mai kusurwa shida a tsakiya. Alanki ne makullinsa, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan da ake zura wa noti mai rami. Na ɗauki mafi ƙanƙanta da nake da shi, ya yi girma. Na goge shi a dutsen washi har ya shiga. Na tafasa shi a butar shayi, don kada a ce ban san tsabta ba. Na kira Mai Faci ya riƙe mini madubi.

Ya ce, "Wannan aikin ba naka ba ne."

"Riƙe daidai."

"Matar nan za ta kashe ka, ni kuma a kira ni shaida."

"Sama kaɗan."

Na zura, na murɗa a hankali, murfin ya zauna. Lilo ya tsaya. Da a nan na cire hannu da babu labari. Amma hannuna ya saba. Kafin kaina ya ce wani abu, hannu ya ƙara kwata.

Duk bakanike ya san wannan jin. Kana ɗaurewa da tauri, sai kawai ya yi laushi, ka san zare ya ci. Abin da na ji ke nan, amma a cikin ƙashin fuskata. Ba murfin ne ya juya ba, gindin ne gaba ɗaya. Zafi ya harba har cikin idona. Mai Faci ya sauke madubin ya ce, "Me ya faru?" Na ce ba komai. Ya ce, "Ba komai ne ya sa ka zauna a ƙasa?"

Washegari ina kan kujerar Likita. Ta taɓa shi da ɗan ƙarfe, ya motsa. Ta ajiye ƙarfen, ta cire abin rufe hancinta.

"Me ka yi?"

Na ciro alankin na ajiye a farantinta. Ta ɗaga shi ta duba bakin da na goge, ta daɗe tana dubawa.

"Kai ka goge wannan?"

"Ni ne."

"Ya yi daidai kuwa. Aikin kirki ka yi wajen ɓata mini aiki. Ƙashin ya fara kamawa da wasu 'yan jijiyoyi da ba su kai gashi kauri ba, ka zo ka tsinke su duka. In na kawo maka mota na ce na buɗe injin da wuƙar kicin, me za ka ce mini?"

"Zan kore ki."

"To ka gode ni ba kai ba ce."

Ta cire shi. Ko wahala bai ba ta ba, kusan da yatsa ya fito. Ta ce sai ramin ya cike, wata biyu. Sannan a sake dasawa, sannan a jira wata uku. Na dama yana nan lafiya, amma haƙori ɗaya ba zai yi mini abin da nake so ba, ko ma mene ne.

Na ce, "Wata biyar ya yi yawa."

"Ina za ka?"

A nan na gaya mata. Ban taɓa gaya wa wani a waje ba, ban da Mai Faci. Na faɗi fiton, na faɗi tagar, na faɗi bawan Allah. Ban iya tsara magana ba, a guntu-guntu na faɗa, ina kallon fitila. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Da zan iya rage maka ko kwana ɗaya da na rage. Ƙashi ba ya jin roƙo. In na yi gaggawa muka sake rasa shi, shekara za ka yi." Ta buɗe aljihun teburinta ta jefa alankin ta rufe. "Wannan kuma ya zama nawa."

Watannin nan biyar su ne mafi tsawo da na sani, kuma ni na sayo su da hannuna. Inna ta fara ƙin abinci. Ta ce ba za ta ci ba sai Auta ya dawo. Matata ta koyi yi mata dabara, ta ce Auta ne ya aiko da shi daga wurin aiki, sai ta ci cokali uku ta kau da kai. Zoben hannunta ya fara zamewa, aka naɗa masa zare. Likitan da ke duba ta ya ce ba wani sabon ciwo, jiki ne ke sauka saboda ba a ba shi abin da zai riƙe.

Na daina ce mata ni ne Auta, don duk lokacin da na faɗa sai ta firgita. Na zama bawan Allah. Da yamma in yi sallama, ta rufe kai, ta ba ni wuri a bakin tabarma. Sai ta riƙa ba ni labarin ɗanta.

"Kana da 'ya'ya, bawan Allah?"

"Ina da su, Inna."

"Allah ya sa ba irin nawa ba. Taurin kai kamar bakin gatari. Yana da shekara bakwai ya kwance keken ɗinkina gaba ɗaya, wai yana son ya ga abin da ke ƙara a ciki."

"Ya mayar?"

"Ya mayar. Ya bar ƙusa biyu a waje, kuma keken ya fi da gudu." Ta yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. "In ka gan shi a hanya ka ce masa ko me na yi masa ya yi haƙuri ya dawo. Faɗan da nake yi masa ba har zuci ba ne."

Na ce zan gaya masa. Na fita tsakar gida na tsaya ina kallon bango. Matata ta zo ta tsaya kusa da ni ta ce, "Kwata." Kalma ɗaya. 

Aka sake dasa na hagu. Da 'yar sifanar ta ce ƙas Likita ta tsaya, ta dube ni ta saman tabarau. Na rufe ido. Bayan wata ɗaya murfin na dama ya ɗan kwance. Ina tsakiyar sauke giyar wata mota a lokacin. Na ajiye kayan aiki, na ja ƙofar gareji na rufe, na zura hannuwa biyu a aljihu, na taka har asibiti ban fitar da su ba. Mai Faci ya biyo ni da ihu, "Ina za ka kamar wanda aka kama?" Likita ta ɗaure shi cikin minti ɗaya. Ta ce, "Ka ga? Ba a mutu ba."

Ranar da wata uku suka cika ta ƙwanƙwasa ƙarafan biyu, suka yi ƙara mai tauri irin ta ƙarfen da ya zauna. Ta sake ɗaukar hoto, ta nuna mini yadda ƙashi ya rungume zaren. Bayan sati ta ɗaura haƙoran gwaji, ta ce in sun yi daidai a kansu za a yi na dindindin. Ta ba ni madubi. Haƙora ne masu kyau, sun fi nawa na asali, a jere, a manne, ko gashi ba zai wuce tsakaninsu ba. Ma'aikaciyar da ke taimaka mata ta ce na koma saurayi.

Na ajiye madubin, na tara iska, na hura. Ba su motsa ba, wannan gaskiya ne. Amma abin da ya fito wani siririn huci ne kamar buta ta fara zafi.

Na ce, "Ba su yi ba."

Likita ta ce, "Ina ne ke taɓa ka?"

"Ba inda ke taɓa ni. Ba ƙofa. Nawa na da akwai wushirya, ta nan fiton ke fita."

Ta riƙe ƙugu. "Ka san mutum nawa ke zuwa nan don in rufe musu ita? Kai kuma in fasa sabon haƙori in buɗe maka."

"Ba don kallo na zo ba."

"Na sani." Ta ja kujera ta zauna. "To faɗinta nawa? In na goge da yawa ba ya dawowa, sai an sake wasu, sati biyu ke nan. Kana da hoton da kake dariya?"

Ba ni da shi. Duk hotunana baki a rufe, kamar mai jiran hukunci. Na zauna ina tunani, harshena na neman wurin da ya sani. Sati biyu kuma ba ni da tabbacin Inna na da su. Da safen ranar ruwa kawai ta sha.

Sai hannuna ya tafi aljihun gaba da kansa. A nan nake ajiye ma'aunin fulogi, wasu siraran fallayen ƙarfe ne a haɗe kamar wuƙar aljihu, kowanne da kaurinsa, da su ake auna tazarar bakin fulogi. Shekara da shekaru in ina aiki da hannu biyu ba na ajiye shi a ƙasa, don kada ya ɓata cikin mai. Falle na ƙarshe, mafi kauri, shi nake sokawa a wushiryata ya tsaya, ma'aunin na lilo a haɓata. Ba ya faɗuwa, ba ya matsewa. Matata ta sha yi mini faɗa a kai.

Na buɗe fallen na miƙa mata. "Wannan. Ya shiga da ɗan ja, kada ya yi sako-sako."

Ta karɓa da yatsa biyu kamar an ba ta mataccen ɓera. "Wannan abin ka yi shekara talatin kana sawa a baki?"

"Ban taɓa ciwo ba."

Ta ba ma'aikaciyar ta ce a wanke shi sau biyu a dafa. Da aka dawo da shi ta ɗauko wata siririyar takarda mai kaushi, ta zura tsakanin haƙoran ta fara gogewa. Ta goga ta gwada fallen, bai shiga ba. Ta sake. Bakinsa ya shiga. Na hura, sai ga wata 'yar ƙara can ƙasa, kamar fiton yana nesa yana tahowa.  Ta sake gogawa sau huɗu, ta zura, fallen ya shige da ɗan ja, ta saki, ya tsaya yana lilo.

Ta zare shi. Na jiƙa leɓe. Gajere biyu, dogo ɗaya.

Ma'aikaciyar ta saki faranti. Wani mutum da ke jira a waje ya turo ƙofa ya leƙo yana riƙe da kumatu. Ni kaina kunnena sai da ya yi ƙara. Shi ne, har lanƙwasar ƙarshen.

Likita ta ɗaga takardar gogewar, fuskarta ba dariya, ta ce, "In ƙara kwata?"

Na ce, "Kada ki taɓa. Nan ya tsaya."

A lokacin ne na fara ganin haƙoranta, don dariya ta yi har sai da ta kifa kai a tebur.

Ban koma gareji ba. Rana ta yi sanyi lokacin da na iso layinmu. Matata na bakin ƙofa tana jira, ta ga bakina ta buɗe nata za ta yi magana, na ɗaga mata hannu. Na tsaya daidai inda nake tsayawa, gefen tukunyar fulawar da ta fashe. Ta tagar ina hango bayan kan Inna, an jingina ta da matashi biyu.  Na taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak ɗinta ke rawa ban ji tsoro irin na ranar nan ba.

Na yi fiton.

 Kan bai motsa ba. Matata ta kama hannun rigata. Na fara tara iska zan sake, sai muryar ta fito, ƙarama, a shaƙe, amma da duk faɗanta a ciki.

"Auta! Ka daina mini fito a gida, ni ba karenka ba ce!"

Matata ta zauna a dokin ƙofa ta rufe fuska da zane. Ni kuwa na sake yin wani, da gangan, wanda ya fi na farko ƙarfi.

"Ka ji ɗan banza! Shigo nan in gan ka!"

Na shiga. Ba ta ja mayafi ba. Ta miƙo hannu ta kama kunnena ta murɗa, da ɗan ƙarfin da ya rage mata, sannan ta bi fuskata da yatsu, goshi, hanci, har ta zo baki. Ta sa farce a wushiryar ta tsaya a nan.

"Ina ka shiga?"

"Gareji, Inna. Aiki ne ya riƙe ni."

"Wane irin aiki?"

"Wani noti ne na ɗaure da yawa."

"Halinka ne. Tun kana yaro ba ka san ya isa ba." Ta saki kunnen. "Ka rame. Yarinyar nan ba ta ba ka abinci ne?"

Matata ta taso da gudu ta kawo kwano. Na ɗebo cokali na kai bakin Inna, ta karɓa. Na ƙirga har goma sha ɗaya, daga nan na daina ƙirgawa. Ta cinye, ta sha magani ba gardama, ta ce shayin ba sukari, aka ƙaro.

Wata bakwai ke nan yanzu. An sa na dindindin, da wushiryarsu, Likita da kanta ta aika wa mai haɗa su da fallen don kada ya yi mata gyaran da ba a sa shi ba. An cire zaren da aka naɗa wa zoben Inna. Tunaninta bai dawo ba, ba kuma zai dawo ba, an gaya mini. In na fita daga ɗakinta na daɗe na koma ba tare da fito ba, wani lokaci sai ta tambayi wane ne. Sai in koma bakin ƙofa in yi fito, ta zage ni, in shigo. Wata rana sau uku muke yi. Mai Faci ya ce ni kaɗai ya sani da aka yi wa aiki a asibiti don ya samu a riƙa zaginsa. Alankina yana nan a aljihun teburin Likita, na tambaya sau biyu ta ce ba ta san zancen ba.

Jiya ina ba Inna abinci ta tsaya da tauna ta ce, "Auta, lokacin da ba ka nan akwai wani bawan Allah da ke zuwa kullum yana zama da ni. Magana ba ta fita sosai a bakinsa, amma yana da hankali. Ya fi ka ladabi nesa ba kusa ba."

Na ce, "Na san shi."

"Ya daina zuwa. In ka gan shi ka ce ina gaishe shi."

Na ce zan gaya masa, ta buɗe baki, na sa cokali.